Wanki Tun Daga Rarrabewa Yake Farawa

Yau filin namu zai tsaya ne a bakin bahon wanki. Mun san wata za ta ga kan maganar nan ta taɓe baki ta ce, ashe wanki ma sai an koya wa mace? Gaskiyarki 'yar'uwa, cuɗawa kam kowa ya iya, tun yarinya ba ta kai shekara goma ba take cuɗa ɗankwalinta. Abin da ya yi ƙaranci a gidajenmu shi ne aikin da ake yi kafin ruwa ya taɓa tufa, watau rarrabe kaya. A gidaje da yawa, ranar wanki sai a kwaso duk abin da ya yi dauɗa a ɗakuna, a kaɗa omo a baho ɗaya, a danna komai ciki: farar rigar maigida, da wandon jariri, da tsumman kicin, da sabuwar atamfa, da kayan da aka dawo da su daga gona. A ganinmu wannan baho ɗaya yana cin dukiyar gida, yana kuma raba cuta tsakanin mutanen gida, alhali kuwa minti goma na rarrabewa ya isa ya tsare duka biyun.

Bari mu fara da dukiya, tun da ita ta fi saurin shiga ido. Iyayenmu sun ga zamanin da masaƙun Kaduna da Kano ke fitar da atamfa da yadi a nan gida. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, waɗansu da dama kuma suka bi sahunta. Yau mafi yawan abin da kike gani jibge a Kantin Kwari daga waje aka shigo da shi, daga Sin da Indiya, ga atamfar Holan, ga shaddar gezna da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya. Duk ranar da naira ta faɗi, kuɗin zane sai ya hau. Saboda haka turmin atamfa ɗaya da ya koɗe a baho asara ce da maigida zai daɗe bai mayar ba. Sau nawa kika ga amarya da kayan lefe akwati-akwati, kafin shekara ta zagayo duk sun zama na zaman gida? Sau da yawa a bahon wanki aka cuce su. Rinin da bai zauna ba yakan fita cikin ruwa, musamman ruwan zafi da omo mai ƙarfi, farin yadin auduga kuwa ba ya ƙin launi, duk abin da ya samu sai ya sha. Ɗankwali ja guda ɗaya ya isa ya mai da fararen kayan makarantar yara uku ruwan hoda. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Maganar lafiya ta fi wannan nauyi. A 2021 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta ratsa ƙasar nan. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Ƙwayar wannan cuta cikin bayan gida da aman mai ciwo take. Idan aka wanke zanensa a bakin rijiya, ruwan ya koma ciki, an shayar da unguwa ke nan. Idan aka haɗa zanen da kayan yara a baho ɗaya, hannun da ya cuɗa shi ne zai koma ya dama koko. Ido ba ya ganin wannan, kumfar omo kuma ba ta isa hujja ba cewa kaya sun tsarkaka. To, ga yadda muke ba da shawara ki kasa kayanki tun suna bushe.

Tsibi na farko shi ne duk abin da najasa ko ciwo ya taɓa: nafkin ɗin jariri, da zanen da yaro ya yi fitsarin kwance a kai, da ƙunzugu, da kayan mai jinya. Wannan tsibi a ware masa bahonsa, a yi wa bahon shaida da fenti ko zare domin kada yaro ya ɗauka ya je ɗebo ruwan girki da shi. Ki fara kankare ƙazantar ki zuba a masai, ki ɗauraye da ruwan sanyi har ta fita, sa'an nan ki sa sabulu. Idan gudawa ce ko amai, kuma tufar ta auduga ce, ki tafasa ta minti biyar kina juyawa da itace. Ruwan da ya fito kuwa masai za a kai shi, ko rami mai nisa da rijiya. In kin gama ki wanke hannu da sabulu da sabon ruwa kafin ki taɓa abinci ko ki ba yaro nono. Kayan salla ba su da haɗi da wannan baho ko kaɗan.

Cikin wannan tsibi har da kayan mai ƙazuwa, cutar da ke hana yara barci da susa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci a 2017. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai ke haƙa rami cikin fata, kuma yakan bi tufafi da zanen gado. Sirrinsa shi ne ba ya wuce kwana biyu zuwa uku da rai in ya rabu da jikin mutum, kuma ruwan da zafinsa ya kai digiri 50 yana kashe shi da ƙwansa cikin minti goma. Watau ruwan da hannu ba ya iya zama a ciki. Abin da ba ya wankuwa da ruwan zafi, kamar bargo mai nauyi, ki ƙulle shi cikin babbar leda kwana uku zuwa mako guda. Sai dai wanki kaɗai ba ya warkar da ita, sai an sami magani a asibiti an yi wa duk mutanen gida rana ɗaya. Yaron da ya dawo hutu daga makarantar kwana ko tsangaya, akwatinsa ya fara biyawa ta wannan baho kafin ya shiga ɗaki. Haka nan kayan gwanjo, komai ƙamshinsu, a wanke a goge kafin a sa.

Tsibi na biyu kayan sana'a ne. Rigar da maigida ya yi feshin maganin ƙwari ko na ciyawa da ita a gona tana riƙe da guba, gubar nan kuwa tana ratsa fata. A wanke ta ita kaɗai, a ranar da aka yi feshin, da safar hannu ta roba, kuma mai ciki da mai shayarwa su bar wa wani wannan aiki. Kayan bakanike da na mai fenti su ma haka. Masu haƙar zinariya kuwa nasu ya fi tsanani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Irin wannan ƙura tana maƙalewa a tufa ta biyo mutum har ɗaki. Kada a kakkaɓe irin waɗannan kaya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, in da hali ma a tuɓe su a wanke a can wurin aiki.

Tsibi na uku farare ne: rigunan maigida, da singileti, da fararen kayan makaranta, da farin zanen gado. Su ne ke jure jiƙo da ruwan ɗumi da rana, su ne kuma ake sa wa bula a ɗaurayar ƙarshe. Ki kaɗa bular sosai cikin ruwa kafin tufa ta shiga, in ba haka ba sai ta bar zane-zane. Tsibi na huɗu masu launi ne da kika riga kika san ba sa zuba. Su ma ki raba masu haske da masu duhu, kuma ki nisanta tawul da baƙaƙen kaya, domin gashinsa yana manne musu.

Tsibi na biyar shi ne na masu zuba da masu tsada. Duk sabuwar tufa mai launi a ɗauke ta mai zuba ce har sai an gwada. Gwajin ba wuya: ki jiƙa ɗan gefen kalmasa daga ciki, ki danna farin ƙyalle a kai, in ya ɗauki launi to ita kaɗai za a wanke. Zanen rini na baba, irin wanda ake fitarwa daga marinar Ƙofar Mata a Kano, ɗabi'arsa ce ya zuba a wankin farko-farko, ba aibu ba ne. Atamfa ba ta son dogon jiƙo, ba ta son ruwan zafi, ta fi son sabulun sanda mai laushi da ruwan sanyi, a wanke a ɗauraye nan take. Shadda kuwa ƙyallinta a fuskar yadin yake, yawan cuɗa da burushi suna kashe shi. A wanke ta da hannu a hankali, a bar matsa ta kamar ana murɗa igiya, a sa sitaci, in da hali a kai wa masu bugu. Leshi da mayafi da hijabi mai santsi, matsawa kaɗan cikin ruwan kumfa ta ishe su. Babbar riga mai aiki ki gwada zaren aikin tukuna, don sau da yawa shi ne ke zuba a jikin farin yadi. Hular zanna ko ƙube kuwa a bar wa masu wankin hula, suna da itacen da suke ɗora ta a kai ta koma yadda take.

Abu biyu sun rage da ba su shiga ko wane tsibi ba. Tsumman kicin da matacin koko da ƙyallen rufe abinci, waɗannan abokan kwanuka ne, a wanke su da ruwan zafi daban. Sai gidan sauro mai magani. An yi shi ne ya jure wanki kamar sau 20 cikin shekara uku, saboda haka ba a wanke shi kowane mako. Sabulu mai laushi da ruwan sanyi yake so, ban da bilic, a shanya shi a inuwa, kuma kada a zuba ruwansa a rafi ko tafki domin maganin yana kashe kifi.

Mun san abin da ke ranki yanzu. Za ki ce, mu da muke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, ina muka ga ruwan tsibi biyar? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta. Rarrabewa ita ce ma ke rage cin ruwa, domin tana ba ki damar bin tsari. Ruwan kumfar da kika wanke farare da shi yana iya wanke masu launi mai haske, daga nan ya wanke masu duhu, ƙarshe ya wanke tsumman share ɗaki. Ruwan ɗaurayar farare ya zama ruwan jiƙon wandunan yara, abin da ya rage a wanke tsakar gida ko makewayi da shi. A fara daga fari zuwa baƙi, daga mai ƙaramar dauɗa zuwa mai babba. Wadda ta cakuɗa komai kuwa, tun a cuɗar farko ruwanta ya zama baƙi, dole ta zubar ta sake. Tsibi na farko da na biyu ne kaɗai ba a maimaita ruwansu, ko da kuwa jarka ta ƙarshe ce a gidan.

Haka zancen omo yake. Yawansa ba ya ƙara fari, sai dai ya ƙara yawan ɗauraya, abin da ya saura a jikin tufa kuma ya sa wa jariri ƙuraje. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne za ki ga sabulun sanda ba ya kumfa, sai wani dusa-dusa da ke manne wa kaya. A irin wannan ruwa omo ya fi aiki, kayan tsada kuwa a tara musu ruwan sama in damina ce.

Wurin rarrabewa ne kuma ake laluba aljihu a ga tabo. Biro ɗaya da aka manta a aljihun rigar makaranta ya isa ya ɓata baho guda, reza ko allura kuwa hannunki za su samu. Kowane tabo da maganinsa. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna daram. Manja a goga masa sabulu tun kafin a jiƙa tufar, a wanke da ruwan ɗumi, ragowar jan kuma rana ce ke cinye shi. Tsatsa a matsa mata lemon tsami da gishiri a ajiye a rana, amma a farar tufa. Taɓo a bari ya bushe a kakkaɓe tukuna. Kada ki ɗora dutsen guga a kan tabon da bai fita ba, zafi hatimi yake buga masa.

Sai maganar bilic, wanda aka fi sani da Hypo ko Jik. Yana da amfani ga fararen auduga da kayan mai ciwo, amma a surka shi da ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Yana cinye launin atamfa, yana lalata siliki da ulu. Abin da ya fi muhimmanci, kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai ko lemon tsami, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, musamman a ƙuntataccen makewayi. Nafkin mai fitsari ma sai an ɗauraye shi kafin ya shiga ruwan bilic. Kada a juye bilic ko sodar yin sabulu cikin gorar lemo, yaro ba ya karatu, gani zai yi ya kafa kai. Kuma in aka yi sallama a ƙofa kika tashi, ki tafi da mai rarrafe ko ki kifar da bahon, domin ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana iya halaka ƙaramin yaro in ya faɗa da fuska.

'Yan'uwanmu da ke kai wanki rafi ko kududdufi ko bakin madatsar ruwa, ku ma da taku. Cutar tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini, daga irin wannan ruwa ake samunta. Tsutsarta tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito ta yi iyo, ta ratsa fatar duk wanda ya tsaya a ciki, ko da bai sha ba. Ba ta daɗewa da rai in ba ta sami mutum ba, saboda haka ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ya fi aminci ga hannun mai wanki. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai ƙwayar maganinta.

Shanya ma tana da nata rabo. Farare da kayan tsibi na farko rana suke so sosai, masu launi kuwa a juya cikinsu waje a shanya a inuwa. A ɗaura igiya, a bar baza kaya a ƙasa. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da jikin tufa mai danshi, in aka sa tufar sai tsutsa ta shiga fata ta yi kumburi kamar maruru, jarirai kuwa su suka fi shan wahalarsa. Guga mai zafi ciki da waje tana kashe ƙwan. Ƙunzugu da kamfai kuma, kunya ta sa mata da yawa suna cusa su ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ba su bushe ba, danshin nan kuwa shi ke kawo wari da ƙaiƙayi. Ki shanya su a rana ki lulluɓa ɗan mayafi mai shara-shara a kai, kin tsare kunyarki kin tsare lafiyarki.

Mai injin wanki kada ta ce wannan magana ba tata ba ce. Inji ba shi da ido, duk abin da aka zuba masa juyawa zai yi. Ki duba ɗan ƙyallen da ke wuyan riga: hoton baho mai lamba 30 ko 40 ko 60 yana nuna iyakar zafin ruwan da tufar ke jurewa, hoton hannu cikin baho yana nufin a wanke da hannu, alama mai kusurwa uku da aka soke kuma tana hana bilic. Wadda ke ba mai wanki da guga ita ma ta rarrabe kafin ta ƙulla, kuma kayan najasa da na ciki a gida ake wanke su, ba a ɗora wa bawan Allah.

Daga ƙarshe, wa ke yin wankin nan? A gidaje da yawa 'yar shekara tara ce, ko yarinyar da aka ɗauko aiki daga ƙauye, a jibge mata kaya ba a nuna mata komai ba, in riga ta ɓaci a hau ta da faɗa. Wannan ba adalci ba ne. Ki zauna da ita a gaban tsibin ki nuna mata dalilin kowane kashi, kayan mai ciwo da na feshi kuwa ba aikin yara ba ne sam. 'Ya'yanki maza ma ki koya musu, gobe makarantar kwana za su, ba za ki bi su da baho ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma iyayen gida maza, mun san kuna leƙa wannan fili. Baho na biyu da igiyar shanya da isasshen sabulu da ruwa suna cikin cefane, kuma kuɗinsu bai kai na gado ɗaya a asibiti ba.

To uwargida, kada wankin hula ya kai mu dare. Ranar wanki mai zuwa, kafin ki kira mai ruwa, ki shimfiɗa tabarma ki kasa kayanki biyar. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, amin.